Zaman lakca ya kashe min jiki, ku ya kuke yi ne?

Nafisa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema. Tun da muka shiga aji biyu jikina ya yi nauyi, daga hostel sai aji, daga aji sai laburare, in na dawo in kwanta in riƙe waya bacci ya ƙi zuwa, da safe kuma in tashi wuya a sandare baya yana ciwo. Kuɗin jim (gidan motsa jiki) ba ni da shi, lokacin ma babu. Ku da kuke motsa jiki ya kuke haɗa shi da karatu?

Sadiq: Wa alaikis salam. In a New Site ɗin BUK Kano kike ai ba kya buƙatar jim, makarantar ma ta ishe ki. Ki rage hawa adaidaita kawai, ki fito da wuri ki taka daga hostel zuwa fakalti, amma tafiya mai sauri ba ta rangaji ba. Kuɗin motar ma ya zauna a jaka

Ummi: Sadiq ku maza magana tana muku sauƙi wlh. Ka taɓa gwada tafiyar nan da hijabi har ƙasa a watan Afrilu, rana ta take, zafi ya haura 40? Kafin ki isa aji kin jiƙe sharkaf, ba abin da za ki fahimta a lakcar

Sadiq: Gaskiyarki Ummi. Ta safe nake nufi da ta bayan la'asar sakaliya, ta tsakar rana kam ko ni ba na yi

Ummi: Toh yanzu ka yi magana. Nafisa abin da muke yi a ɗakinmu tsallen igiya ne. Igiyar ba tsada, a kasuwa wajen masu kayan wasanni ake samu, in ma babu igiyar shanya mai ɗan kauri tana yi. Bayan sallar asuba muke fita tsakar gida inda ba maza, ki yi minti ɗaya ki huta ki sake, da farko za ki ji kamar numfashinki zai ɗauke amma a hankali jiki yake sabawa. Abu ɗaya, kar ki yi da silifas ko ƙafa ba takalmi a kan siminti, ki sa kambas, kuma ki dinga dira da gaban ƙafa ba da dunduniya ba saboda gwiwa. Kuma dan Allah ki samu abokiyar yi, ke kaɗai ranar da sanyin asuba ya yi daɗi bargo ne zai ci nasara, amma in kin san wata za ta zo ta buga miki ƙofa dole ki tashi.

Nafisa: Wannan ta yi min Ummi. Yaya Bashir kana kusa? Kai ne ɗan fisiyo, masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, ciwon bayan nan ne ya fi damuna

Bashir: Ina nan ƙanwata, yanzu muka fito daga asibitin Malam Aminu Kano. Bari in fara da ma'auni tukuna don kowa ya san inda zai dosa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a sati, ko 75 zuwa 150 in mai ƙarfi ne irin gudu, sannan aƙalla kwana biyu a sati a yi abin da zai ƙarfafa tsoka. Kar adadin ya tsorata ki, minti 30 sau biyar a sati shi ne 150 ɗin, kuma ba sai a zama ɗaya ba, 15 da safe 15 da yamma duk lissafi ne. Yadda za ki gane matsakaici: kina iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba.

Bashir: Batun baya kuma, yawanci a ɗalibai ba wata cuta ba ce, daɗewa ne a zaune wuri ɗaya an sunkuyar da kai kan handawut ko waya. Duk bayan rabin awa zuwa awa ɗaya ki miƙe tsaye, ki juya kafaɗu baya, ki ɗan zaga ko zuwa bakin famfo ne ki dawo. A ɗaki ki shimfiɗa darduma ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa gwiwa tafin ƙafa a ƙasa, ki ɗaga ƙugu sama ki riƙe kaɗan ki sauke a hankali, sau goma, ki huta ki maimaita. Sai tashi da zama daga kan kujera ba tare da dafa komai ba. Ki daina karatu a kwance ruf da ciki kan katifa, shi ne yake cin wuya. Amma in ciwon yana sauka ƙafa, ko ƙafar tana yin sanyi kamar ba taki ba, ko yana tashinki daga bacci, wannan ba na zaure ba ne, ki je kilinik a duba ki.

Abba: Allah ya ƙara ilimi likita. Ni dai nawa ƙwallo ce, kullum bayan la'asar muna haɗuwa a fili, kuma na lura ranar da na buga nakan yi bacci da wuri, karatun asuba ya zauna. Wanda ƙwallon ƙafa ba ta dame shi ba akwai ta raga da ta kwando da ta tebur, kuma in mutum ya ƙware har wasannin NUGA na jami'o'in ƙasa ana iya zuwa da shi

Hauwa'u: Ni a Samaru nake, ABU. Manhajar ƙirga taku nake amfani da ita, Google Fit, tana sa min ƙaimi sosai. Sai dai 10,000 ɗin nan da ake cewa dole, ranar da ban kai ba raina ɓaci yake

Bashir: Kar ya ɓaci Hauwa'u. Adadin nan daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya samo asali a Japan a shekarun 1960, ba doka ba ce. Ki duba nawa kike yi yanzu ki ɗan ƙara a kai, ƙasa da 10,000 ma yana da amfani sosai in aka kwatanta da zama

Maman Hanif: Mu masu zuwa daga gida fa kar a manta da mu. Ni daga Rijiyar Zaki nake zuwa, ga yaro ga girki, ba ni da wani lokacin fili. Dabarata in sauka tun kafin get in ƙarasa a ƙafa, bene kuma in hau da ɗan sauri. Ranar Asabar da yamma mu fita da Baban Hanif mu zaga unguwa, da farko cewa ya yi me mutane za su ce, na tuna masa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, daga nan bai ƙara musu ba

Ummi: Anti wannan hujjar zan ajiye ta, Allah ya bar ku tare

Kamal: Tambaya dan Allah, ni ina da sikila, a gida kullum cewa ake kar in wahalar da kaina. Ni ma zan iya?

Bashir: Za ka iya Kamal amma da sharaɗi, kuma ka fara yin magana da likitan da yake ganinka don shi ya san jikinka. Tafiya da miƙa jiki a hankali sun fi maka, banda gudu har ka galabaita, banda tsakar rana, banda sanyin asuba na hunturu ba rigar kirki. Rashin ruwa a jiki yana cikin manyan abubuwan da suke tayar da ciwon, saboda haka gora a hannu kullum, ka sha kafin ka fara da lokacin da kake yi da bayan ka gama. Ka ji ciwo ko haki ya yi yawa ka tsaya nan take, kar ka biye wa abokai. Masu asma su ma lokacin ƙura su yi nasu a ɗaki, inhela tana kusa. Wanda zazzaɓi ya kama ya huta sai ya warke.

Sadiq: Da azumi fa? Nan ne kowa yake watsar da komai

Abba: Mu bayan tarawihi muke bugawa, an ci an sha jiki ya dawo. Wasu kuma tafiya kaɗan suke yi dab da magariba yadda suna gamawa ana shan ruwa

Nafisa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ummi wane bulok kike? Ina so in shigo cikinku

Ummi: Zan turo miki ta gefe. Ki zo da kambas da gorar ruwa, igiya muna da guda biyu. Kwana biyun farko cinya da ƙwauri za su yi tsami, kar ki ce kin fasa, yana sakewa da kansa

Hauwa'u: Yaya Bashir dan Allah in ka samu sarari ka turo hoton wancan na ɗaga ƙugu, ban gane inda hannaye za su kasance ba

Bashir: A miƙe a gefen jiki, tafin hannu yana kallon ƙasa. Zan turo bayan isha'i in sha Allah