Koyon Girkanci saboda binciken manɗiƙi: wa ya taɓa bin wannan hanya?

Abu Sumayya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah na fi son in ji daga wanda ya taɓa shiga lamarin da ƙafarsa.

Ina digiri na biyu a sashen Larabci. Bincikena a kan manɗiƙi ne (ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja), wato yadda kalmomin Aristo, masanin falsafar Girka, suka bi ta Bagadaza har suka iso cikin Sullamu, littafin manɗiƙi na Ahlari da ake haddacewa a zaurukanmu. Makon jiya malamin da ke duba aikina ya ce babi na uku ba zai tsayu ba sai na iya duba kalmomin a harshensu na asali, ko da da ƙamus a hannu ne. Wata takwas ya rage mini. Abin da na mallaka naira dubu 180 ne, su ma na tara su ne don in sauya kwamfuta, don wadda nake da ita sai na tokare murfinta da bango take tsayawa.

Hanya biyu ce a gabana. Akwai wani malami a wata makarantar horar da fastoci a Jos, abokin yayana ne, ya ce zai riƙa koya mini ta waya Talata da Asabar a kan dubu 15 duk wata. Amma bai ɓoye mini ba, ya ce Girkancin Sabon Alkawari yake koyarwa. Ɗaya hanyar kwas ne ta intanet na tsohon Girkancin Atina, wata uku, da dala ake biya, zai lashe kuɗin kaf har sai na nemo ciko. Tambayata: na Jos zai kai ni ga Aristo, ko lokacina zan ɓata?

Sadik Mai Waya

Sauke manhajar koyon harsuna ta Duolingo kawai, kyauta ne. Ni yau kwanana 212 ban tsallake ba.

Ɗan Fagge

In Girkanci kake nema zo gidanmu. Uwargida farfesa ce a fannin: tuwo, dambu, ɗanwake, sau uku a rana. Ta ma fi na Jos araha, cefane kawai za ka yi.

Malam Na Zaure

Wa alaikumus salam. Da farko dai sunansa Yunananci, haka muka gada a littattafai. Na biyu, ɗana, wane ne ya fi Ibnu Rushdi sanin Aristo? Ya rasu a 1198, kuma har Turawa da suka fassara shi zuwa Latin "Mai Sharhi" kawai suke ce masa, ba sai an faɗi suna ba. To bai san Yunananci ba. Ibnu Sina ma haka. Da fassarar Larabci suka yi aiki. Shaihu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa, da ya kare manɗiƙi a cikin baitocin da ya mayar wa Suyuɗi mai cewa haramun ne, ba da haruffan Yunanawa ya yi ba. Shekara 19 ina karantar da Sullamu da Isaguji, ban taɓa jin wani ɗalibi ya maƙale don bai san alfa da bita ba. Sayi kwamfutarka.

Likitar Yara

Mu a makarantar likitanci ba wanda ya koya mana harshen, saiwoyi muka haddace. Kardiya zuciya, nefros ƙoda, hefar hanta, haima jini, sai ka ga sunan cuta mai tsawon layin mai ka sassare shi gida uku ka gane shi. Takarda huɗu ce gaba da baya, na liƙa ta a jikin durowa shekara biyu. Ba ka buƙatar malami, ka samu irin wannan jerin.

Abu Sumayya

Na gode Anti Likita, amma ba sunayen cututtuka zan fassara ba, jimloli zan karanta. Sadik, na Duolingo na zamani ne, wanda ake cinikin tumatir da shi a Atina yau.

Baban Ladi

Ni na yi Helenanci (haka muke kiransa a coci, kun ga sunan ya zama uku ke nan) shekara uku a makarantar tauhidi, kuma har yanzu da shi nake shirya wa'azi. Bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Haruffan 24 ne, mako ɗaya ya ishe ka. Wanda ya sha Larabci ba zai ji tsoron i'irabin sunaye ba, ka riga ka saba ganin ƙarshen kalma yana sauyawa. Inda ake kuka shi ne fi'ili. Fi'ili ɗaya sai ya fito maka da fuskoki ɗaruruwa, wani ma ba ya kama da uwarsa ko kaɗan, sai ka yi rabin awa kana neman inda za ka same shi a ƙamus.

Wanda muke koya ana ce masa Koine, ma'anarsa "na kowa da kowa". Shi ne ya bazu bayan yaƙe-yaƙen Iskandar, wanda ya mutu a 323 kafin haihuwar Almasihu, shekara ɗaya kafin malaminsa Aristo. Harshe ɗaya ne da na Atina, amma an sassauta shi. Bayan na gama makaranta, ina jin kaina, ina karanta Linjilar Yohanna ba ƙamus, sai na ce bari in leƙa Aristo. Ɗan'uwa, shafi ɗaya na yi kwana uku a kai. Kalmomin na san da yawa a cikinsu, amma mutumin yana rubutu kamar mai rubuta wa kansa abin tuni: ya haɗiye fi'ili, ya bar ka da "wannan" da "wancan". Kalmar logos da na sani a farkon Yohanna da ma'anar Kalma, a wurinsa wani sa'in bayani ce, wani sa'in hujja, wani sa'in ma'anar abu.

Don haka na Jos zai ba ka nahawu, wajen kashi biyu cikin uku na abin da kake so a ganina. Amma dubu 15 ya yi yawa. Mu dubu 5 ake biyan mai koyarwa a nan.

Mai Nahawu

Allah gafarta Malam, da girmamawa, sunan littafin da kake karantarwa shekara 19 shi kansa Girkanci ne. Isaguji daga eisagoge ne, wato gabatarwa, sunan littafin da Farfuriyus ya rubuta a ƙarni na 3, Abhari, mawallafin wanda kake karantarwa, ya ari sunan. Alƙalamin da ke hannunka ma daga kalamos ya bi ta Larabci, haka dirhami, haka falsafa.

Kuma misalin Ibnu Rushdi kaifi biyu gare shi. Abu Bishr Matta, wanda ya fassara littafin Aristo na waƙa, daga Siriyanci ya ɗauko, ba daga asali ba. Da ya zo kan tragodiya da komodiya, nau'i biyu na wasan kwaikwayon Girkawa, sai ya sa madihu da hija'i, yabo da zambo. Ibnu Rushdi ya ɗora sharhinsa a kan haka, yana ta kawo baitocin Larabawa, alhali mutumin a kan wasan dandali yake magana. Tun a Bagadaza ma Sirafi, malamin nahawun Larabci, ya yi wa Matta gori a bainar jama'a cewa yana kiran mutane zuwa ga manɗiƙin Yunanawa shi kuwa bai san harshensu ba. Abin da malamin Abu Sumayya yake gudu ke nan.

Malam Na Zaure

To kai ka san harshen?

Mai Nahawu

Ban sani ba Malam, tarihin na karanta.

Malam Na Zaure

Ashe ni da kai duk a bakin kogi muke, kana koya mini iyo.

Wanda Ya Dawo

Ni duk wanda ya ambaci Girkanci sai gabana ya faɗi. Ku yi haƙuri zan yi tsawo.

A 2019 wani ejan ya samo mini gurbin karatu a Saifurus. Ya ce Turai ce, tana cikin Tarayyar Turai tun 2004, ga tallafin rabin kuɗin makaranta, ga aiki, in na gama in zarce Jamus. Mahaifina ya sayar da filinsa na bayan gari. Ni kuma da zumuɗi na shiga intanet na ga Girkanci ake yi a ƙasar, na ce ba zan je ina kurma ba. Wata biyar cur, kullum bayan sallar isha'i, ina gaban YouTube da littafi mai bango ja. Na cika shi. Gaisuwa, ƙirga, sunayen abinci, yadda ake tambayar kuɗin haya. Har ƙannena na koya wa kalimera, da safe sai su gaishe ni da ita mahaifiyata tana dariya.

Jirgi ya sauke mu Istanbul, muka sauya, muka sauka filin jirgin Ercan. Ban kawo komai a raina ba. Na fito da jakata na shiga tasi, na gyara murya na ce wa direba kalimera. Ya kalle ni ta madubi ya daɗe, sannan ya ce merhaba. A hanya na ga tutoci masu jinjirin wata da tauraro, allunan titi ba harafi ɗaya irin na littafina. Wani ɗan Kamaru da muka shiga motar tare shi ya ce mini, ɗan'uwa, nan arewa ce, Turkanci ake yi, tsibirin a rabe yake tun 1974, kuma ban da Turkiyya ba ƙasar da ta amince da nan a matsayin ƙasa. Girkancin yana can kudu, bayan shingen da ya raba Nikosiya biyu, inda bizarka ba ta kaiwa.

Tallafin rabin kuɗi kuwa, duk wanda na tambaya a ajinmu an ba shi. Hayar ɗaki da fam na Ingila mai gidan yake karɓa, ɗan aikin wanke-wanke da na samu da lira ake biyana, lirar kuma kullum tana zubewa. Shekara biyu na jure na dawo ba takarda. Ejan ya sauya lamba. Filin yanzu an yi gidan bene a kai, ta gabansa nake wucewa in zan je shago. Littafin mai bango ja yana nan, ƙanwata ce ke rubuta bashin masu sayen awara a bayan shafukansa.

Shawarata: kada ka kashe ko sisi a kan harshen nan.

Maman Hanifa

Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri. Ɗan yayata ma haka aka yi masa, shi ma Saifurus. Miliyan uku da rabi suka ba ejan.

Sadik Mai Waya

Miliyan uku da rabi? Abokina dubu 900 ya biya a shekarar, har da tikiti.

Maman Hanifa

Da tikiti a dubu 900? Sai dai in a jirgin ruwa ya tafi.

Baban Ladi

Ɗan'uwa, labarinka ya taɓa ni, amma harshen bai cuce ka ba, ejan ne ya cuce ka. Kuma wanda ka koya na zamani ne, ba shi ake tambaya ba.

Wanda Ya Dawo

Baba, kai a aji ka koya, ni filin ubana na biya. Wa ya fi cancanta ya yi magana?

Ɗan Fagge

Ni dai har yanzu tayina na nan. Ba biza, ba ejan, kuma in ka ce kalimera za a amsa maka da koko.

Hajiya Mai Littattafai

Abu Sumayya, littafin nahawun da makarantun fastocin suke amfani da shi na taɓa sayo wa wani ɗalibi, dubu 38 sabo. Ka sa shi cikin lissafi.

Baban Ladi

Hajiya, hoto ake yi a bakin makaranta, dubu 4 da ɗari biyar har da ɗauri. Ƙamus kuwa da wasu matanin Aristo suna shafin intanet na Perseus kyauta, ka danna kalma ya nuna maka asalinta.

Hajiya Mai Littattafai

Wannan hoton da kuke yi shi ya kashe mana kasuwa, Fasto. Sannan a zo ana cewa ba a sayar da littattafan ilimi a arewa.

Abu Sumayya

Na gode ƙwarai. Baban Ladi, abin da nake so in tabbatar: in na yi wata huɗu da na Jos, sauran huɗun zan iya ɗora littafin Maƙulatu na Aristo gefe da fassarar Ishaƙu ɗan Hunainu in bi su layi-layi? Kalmomi goma ne kawai nake bibiya, irin su jauhari (ainihin abu) da kammu (yawansa) da kaifu (yanayinsa), ba littafin duka ba.

Maman Hanifa

Wanda Ya Dawo, ejan naka ba wani dogo ba ne mai ofis a saman bene, yana da hoton jirgin sama a ƙofa? Don in shi ne, yanzu Jojiya yake tura yara.

Wanda Ya Dawo

Nawa gajere ne. Amma hoton jirgin dukkansu suna da shi.

Mai Kula da Zaure

Jama'a, ban da ambaton suna ko kwatancen ofis, mun sha faɗa. Wanda ke da ƙorafi ya kai inda ya dace.

Maman Hanifa

Mun kai ai. Sau uku yayata tana zuwa, kullum a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Rasit ɗin ma da ejan ya ba su ba hatimi, biro ne kawai. Akwai wanda ya taɓa karɓo kuɗinsa a wurin mutanen nan, ko da rabi ne?

Sadik Mai Waya

Abokina ya karɓo dubu 200, amma sai da kawunsa soja ya raka shi.