Fim ɗin da na saya da kuɗina, wai ba nawa ba ne?

Ɗan Kurna:
Salam jama'a, dan Allah masu sani ku warware min. Ina da ɗan shago a Kurna, cajin waya da tura fina-finai nake yi. Kwanaki na buɗe tasha a YouTube na ɗora wani fim mai dogon zango da na saya, ko kwana uku ba a yi ba suka sauke shi wai kofirayit, har da gargaɗi. To abin da na sa kuɗina na saya ta yaya kuma ya zama na wani?

Na Wambai:
Wa alaikumus salam. Ƙanina kallo ka saya, ba fim ba. Mai fim shi ne wanda ya biya 'yan wasa da mai kyamara da abincin lokeshan. Ni na daɗe ina sayar da kaset da CD a Ƙofar Wambai, a kan idonmu kasuwar nan ta mutu, furodusa zai saki fim da safe kafin la'asar yana cikin memori a kasuwar waya ta Farm Centre, mu kuma kwalaye na nan jibge ƙura ta rufe su. Shi ya sa duk suka koma YouTube, yanzu can ɗin ma kun bi su.

'Yar BUK:
Gaskiya Baba ya faɗa. Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, Buhari ya sa mata hannu a Maris 2023, ta maye gurbin ta 1988, kuma ta shigo da maganar intanet, mai fim zai iya rubuta wa shafi a sauke masa kayansa. Haƙƙin fim shekara 50 yake yi. Turawar da kake yi a shago ma tana ciki malam, tunda kuɗi kake karɓa ba da izini ba. Ka lallaɓa, gargaɗi uku cikin kwana 90 YouTube rufe tashar suke gaba ɗaya.

Sarkin Data:
Hhhh ni dai Telegram ɗina lafiya lau. Kuma masu wa'azin nan da daddare fassarar Indiya suke kallo, wa ya je Mumbai ya nemi izini?

'Yar BUK:
Laifin wani ai ba ya wanke naka.

Ɗan Kurna:
Toh na ji, na goge sauran biyun da na ɗora. Na shago kam sai dai Baba ya yi haƙuri wlh, da shi nake biyan haya.