Jirgi a ƙasa: tasi yake yi ko rarrafe?

Jama'a, a kawo ɗauki. Ina fassara wani rubutu kan haɗurran ƙananan jiragen sama, kalmar "taxiing" ta tsaya mini a wuya. Ita ce tafiyar da jirgi ke yi a ƙasa da ƙarfin injinsa, daga ma'ajiya zuwa titin tashi, ko komawa bayan sauka. Ba gudun tashi ba ne, ba kuma janyewar da mota ke yi masa ba.

Wani ya ce a ari kalmar kawai: jirgi yana tasi. Haba malam! Mai karatu zai zaci fasinja yake nema a Sabon Gari.

"Tafiyar ƙasa" kuwa ta masu sawu ce. "Gangarawa" sai an samu gangare, kuma babu injin a cikinta.

Ni dai "rarrafe" ta kwanta mini. Duk wanda ya taɓa ganin jiragen koyo, irin na kwalejin tuƙin jirage ta Zariya da aka kafa a 1964, ya san haka suke: a hankali, hancinsu bisa layin rawaya, sai ka ce jariri ya nufi uwarsa. Malaman tuƙi ma cewa suke kada a wuce saurin mai tafiya da hanzari. A ƙasa ba da hannu ake karkata irin wannan jirgi ba, da ƙafa ne, birki kuma yana saman abin takawar. Sabon shiga sai ya murɗa abin hannu kamar sitiyari, jirgi ya yi biris da shi.

Ga fukafukai. Ƙaramin jirgi irin Cessna 172, faɗin fukafukansa kusan mita 11 ne. Matuƙi na kallon gaba, bakin fiffike ya daki ƙofar rumfar jirage ko tankar mai. Ko tayar gaba ta faɗa rami, farfela ta sari ƙasa, sai an binciki injin kafin ya sake tashi. Duk waɗannan sai mu kira su "haɗarin rarrafe".

Wata 'yar'uwa ta ƙi, wai rarrafe da gwiwa ake yi. To, ai farfela ma ba gashin tsuntsu ba ce, amma "tashi" muke cewa.

Saura "ground loop", wato jirgi mai taya a wutsiya ya ƙwace, ya wulwula a wuri ɗaya har fiffike ya goge ƙasa. Na rubuta "juyin katantanwa" da fensir tukuna. Mutanen Zariya, me kuke ce masa?