Rataya ko ɗaurin rai-da-rai: wanne ya fi dacewa da mai kisan gilla?

Maman_Twins ta rubuta:

Assalamu alaikum. Masana shari'a, a taimaka a haska mana. A watan Yulin 2022 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa mai makarantar nan da ya sace ɗalibarsa 'yar shekara biyar ya kashe ta hukuncin rataya, shi da wanda ya taya shi, kuma gwamnan wancan lokaci ya faɗa a fili cewa zai sa hannu. Me ke biyo bayan irin wannan hukunci kafin a kai ga igiya? Kuma a kisa mai muni haka, wanne ya fi zama adalci, a kashe shi ko ya ƙare rayuwarsa a gidan yari?

Lauyan_Talaka ya rubuta:

Wa alaikumussalam Hajiya. A jihohin Arewa da dama ana tuhumar mai kisan kai ne a ƙarƙashin sashe na 221 na dokar laifuka ta Final Kod (Penal Code). Abu uku mai gabatar da ƙara zai tabbatar ba tare da kokwanto ba: mutum ya mutu, aikin wanda ake tuhuma ne ya kashe shi, kuma ya yi da niyyar kisa ko yana sane cewa mutuwa ce za ta biyo baya. Da zarar ukun nan sun tabbata, hannun alƙali a ɗaure yake, kisa kawai zai yanke. Ɗaurin rai-da-rai yana shigowa ne a sashe na 224, inda aka samu tsokana mai tsanani nan take, ko faɗan da ya ɓarke ba shiri, ko wuce iyaka wajen kare kai. Wanda bai kai shekara 18 ba lokacin da ya aikata laifin, ba a yanke masa kisa.

Bayan hukunci, yana da kwana 90 ya je Kotun Ɗaukaka Ƙara. In ta tabbatar, yana da kwana 30 ya nufi Kotun Ƙoli, kuma tsarin mulki ya ba shi wannan dama ba sai ya nemi izini ba. Muddin ƙara tana gaban kotu, ba a taɓa shi. A 1981 Jihar Oyo ta kashe Nasiru Bello alhali ƙararsa ba ta ƙare ba, a 1986 Kotun Ƙoli ta ce an saɓa doka. Saboda haka alƙawarin gwamna ba ya zartar da komai. Sai an gama da kotuna fayil zai je kwamitin afuwa, daga nan gwamna ya sa hannu ko ya sassauta a ƙarƙashin sashe na 212 na tsarin mulki.

A nan maganar take tsayawa. Sama da mutum 3,000 ke jiran hauni a gidajen yarin Najeriya, amma rataya ta ƙarshe da aka sani ita ce ta mutum uku a Benin a Disambar 2016, kafin ita kuma mutum huɗu a 2013, duk a Jihar Edo. Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ma ta ce wanda ya gama ɗaukaka ƙara, ya shekara goma ba a zartar ba, Babban Jojin jiha na iya mayar da hukuncinsa rai-da-rai. A ganina wannan yanayi ya fi kowanne muni, domin iyayen mamaci an yi musu alƙawarin abin da ba za a cika ba.

Almajirin_Fiƙihu ya rubuta:

Barista, Allah ya ƙara basira. Hajiya, Musulunci bai ɗora tambayar yadda kika ɗora ta ba. A kisan ganganci, haƙƙin ƙisasi na waliyyan jini ne, kamar yadda ya zo a aya ta 178 da 179 ta Suratul Baƙara. Suna iya neman a kashe, ko su yafe a kan diyya, ko su yafe don Allah. In ɗaya daga cikin masu wannan haƙƙi ya yafe, ƙisasi ya faɗi. Diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, kimanin kilo huɗu da kwata ke nan, ko dirhami 12,000 na azurfa. Ko an yafe, a mazhabar Malikiyya ana yi wa makashin bulala 100 a tsare shi shekara guda.

Sai dai irin shari'ar da kika kawo hukuncinta daban. Wanda ya yaudari mutum ya kai shi inda ba mai ceto ya kashe shi, musamman don dukiya, ya yi kisan gilla, kuma Malikiyya ta haɗa shi da ɗan fashi: waliyyi ba shi da ikon yafewa, hukuma ce za ta kashe. Wanda ya karɓi amanar yarinya, ya nemi kuɗin fansa, ya ba ta guba, ban ga dalilin da zai sa a ciyar da shi da kuɗin jama'a har tsufa ba.

Amma a lura da nauyin hujja. Ana buƙatar shaidu biyu adalai, ko iƙirarin da ba a tilasta ba, ko rantsuwar ƙasama sau 50 in akwai alama mai ƙarfi. Iƙirarin da aka samu da duka ba a kashe mutum da shi.

Tsohon_Gandiroba ya rubuta:

Allah gafarta Malam, jimlarka ta ƙarshe ita ce dalilin da ya sa nake bayan rai-da-rai. Shari'o'in kisa da yawa a ƙasar nan a kan takardar amsa laifi kaɗai suke tsaye. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki bayanin wanda ake zargi a bidiyo, dokar 2017 ta haramta azabtarwa, amma ofisoshin 'yan sanda nawa ke da kyamara? In ya ce dukan sa aka yi, sai a yi ƙaramar shari'a a cikin shari'ar, maganarsa da ta ɗan sandan da ya rubuta bayanin. Ga gawa an binne ta a ranar ba likitan da ya duba, ga wurin da abin ya faru jama'a sun tattake, ga wuƙa ta bi hannu goma kafin a ɗauki zanen yatsa. Talaka kuma lauyan kyauta yake samu, wani lokaci sai a harabar kotu za su fara ganin juna. Kwamitin da Obasanjo ya kafa ya duba wannan duka a 2004 ya ba da shawarar a dakatar da zartarwa. Wanda aka ɗaure bisa kuskure ana iya buɗe masa ƙofa bayan shekara 15. Sani Yakubu Rodi, da kotun shari'a a Katsina ta samu da kashe mace da 'ya'yanta biyu, an rataye shi a Kaduna a Janairun 2002, 'yan watanni bayan hukunci, ba tare da wata kotu ta sama ta sake duba fayil ɗin ba. Ko da shi ne ya yi, bin irin wannan gajeriyar hanya ga kowa haɗari ne.

Lauyan_Talaka ya rubuta:

Yallaɓai, na yarda da raunin bincike, amma rai-da-rai ma yana da ramukansa. Ikon afuwar da ke sashe na 212 da na 175 ba shi da shinge: gwamna ko shugaban ƙasa na iya mayar da kisa rai-da-rai, wani ya zo ya mayar da shi shekaru, wani ya sake shi ranar bikin 'yancin kai, kuma ba dole a tuntuɓi iyayen mamaci ba. Ga katangu. A Yulin 2022 an fasa gidan yarin Kuje ɗaruruwa suka tsere, a 2024 ruwan sama ya rushe na Suleja, ambaliya ta rushe na Maiduguri. Ghana ta soke hukuncin kisa a laifukan yau da kullum a 2023, Nijar ba ta zartar ba tun 1976, amma duk mai son mu bi sahunsu sai ya fara nuna inda za a ajiye makashi shekara 40 bai fita ba.

Abin da zan goyi baya shi ne a cire tilas daga sashe na 221. A bar kisa ga shari'ar da ke da hujja mai zaman kanta ban da iƙirari, kamar gawar da wanda ake tuhuma ya kai jami'ai inda ya binne, bayanan kiran waya da rahoton likita. Sauran a yanke rai-da-rai da mafi ƙarancin shekarun da afuwa ba za ta taɓa ba, kuma doka ta wajabta jin ta bakin magada kafin kowane sassauci. Majalisar dokokin jiha na da ikon gyara Final Kod ɗinta. Taƙaita afuwa kuwa sai an taɓa tsarin mulki, da amincewar majalisun jihohi 24.