Ina manyan birim suka shige tunda zafi ya kankama?

Baƙon Jojiya:
Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da aiki ya dawo da ni jihar Jojiya a nan Amurka, kuma akwai wani tafkin dam da bai fi tafiyar minti 20 daga gidana ba. A watan Mayu na je sau biyu da sandar fatsa, na tsaya a gaɓa kusa da inda ake sauke jiragen ruwa, kafin awa biyu na cika rabin bokiti da kifin nan da mutanen kudu ke kira birim, wato bulugil, mai faɗin jiki kamar karfasa, mai baƙin ɗigo a gefen kai. Har na fara jin kaina gwani.

To yanzu ga mu a tsakiyar Yuli. Asabar uku a jere ina komawa daidai wurin, da tana iri ɗaya, amma 'yan mitsi-mitsi ne kawai ke yi min wasa da hankali. Ɗan abin da ke shawagi a saman ruwa ya yi rawa, in fizgo, ƙugiya ta fito tsirara. Tafkin babba ne, ban san cikinsa ba, ba ni da na'urar leƙen ƙarƙashin ruwa. Ɗan kwale-kwalen roba na mutum ɗaya nake iya arowa wurin maƙwabcina. Don Allah ina manyan suka shige?

Tsohon Masunci:
Wa alaikumus salam. Ɗana, a Mayu ba gwaninta ba ce, gida ka tarar da su. Idan ɗumin ruwa ya kai wajen digiri 21 a ma'aunin Salsiyas, mazan birim kan fito wuri marar zurfi mai yashi ko tsakuwa, kowanne ya share ɗan rami kamar faranti, ramuka kusa da juna tamkar saƙar zuma, su tsaya gadin ƙwai. Namijin da ke gadi ko ƙugiya zalla ka jefa masa sai ya kai mata cafka. Da suka gama sai manyan suka ja da baya, suka bar maka yara a gaɓa.

Amma kada ka ce tsakiyar tafki za ka nufa. Da bazara ruwan tafki mai zurfi rabuwa yake yi hawa-hawa: na sama ɗumi, na ƙasa sanyi, kuma ba sa gauraya. Na can ƙasan iskar da kifi ke shaƙa ƙarewa take yi a cikinsa, don haka duk ƙoton da ka sauke can ka ba laka ne. A tafkunan kudu wannan iyakar sau da yawa tana tsakanin ƙafa 15 da 25. Kifinka na samanta. Nemi inda ciyawar ruwa ta ƙare zurfi ya fara, ko inda tudu ya miƙe ya shiga ruwa kamar hanci, ka gwada daga ƙafa 8 zuwa 15.

Rashin na'ura ba komai ba ne. Sami igiya, ɗaura mata dalma mai nauyi, ka yi ƙulli duk bayan ƙafa uku. Kana tuƙi kana saukewa kana ƙirga ƙulli. Inda ka ji uku ya koma biyar cikin ɗan taƙi, gangare ne, tsaya nan. Hannunka ma zai gaya maka ko dalmar ta faɗa kan laka ko ta ƙwanƙwasa tsakuwa. Kuma tunda dam ne, akwai tsohuwar hanyar rafi kwance a ƙarƙashinsa, bakinta ma wurin zamansu ne.

Maman 'Yan Biyu:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ni ban yarda duka sun tafi zurfi ba. Ni da yarana daga gaɓa muke kamu, ba mu taɓa shiga jirgi ba, kuma muna samun masu faɗin tafin hannu har a Agusta. Inuwa muke bi. Ƙarƙashin dandamalin katako da ake ɗaure jirage, gindin bishiyar da ta faɗa ruwa, rassan da suka sunkuyo suna zubo ƙwari. Sharaɗin dai a ce zurfi na kusa da wurin. Sannan a nan kudu ba sau ɗaya suke ƙwai ba, sukan koma ramukan har ƙarshen bazara, masunta da yawa kuma kwanakin cikar wata suke jira. Sa tabarau mai kashe ƙyallin ruwa ka bi gaɓa da sassafe, za ka hango farantan.

Batun ƙugiya tsirara kuwa, Malam, ina zargin ƙugiyarka ta yi girma. Bakin birim ɗan ƙarami ne. Nemi lamba 8 ko 6 mai dogon wuya (lamba na hawa, ƙugiya na ƙanƙancewa), zare siriri mai ɗaukar fam 4, kuma gutsuren tana ya isa, kada ka bar jela na lilo su yi ta tsinka. Ka gwada gyare ma, shagunan ƙoto na sayar da shi da rai. Idan ka sauke tana har ƙasa ka ciro wani mai jan baki a murfin kunne, ɗan'uwansa ne mai cin dodon koɗi, shi a ƙasa yake kiwo kuma yakan fi bulugil girma.

Mai Fitila:
In kuma kana son gwada kirafi, wani kifi dangin birim, bar rana gaba ɗaya. Je ƙarƙashin gada da dare, rataya fitila dab da ruwa, ƙananan kifi su taru, kirafi kuma su biyo su. Ƙotonsu ɗan kifi mai rai. Ka duba taswirar hukumar kula da namun daji ta jiha, sukan nuna inda aka nutsar da tarin rassa don kifi ya taru. Lasisinka dai ya kasance a aljihu.

Baƙon Jojiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya na fita tun kafin rana ta ɓullo, da igiyar ƙulli irin ta Baba da gyare 50 a ɗan keji. Hajiya, kin canka, lamba 2 nake ta amfani da ita, abin kunya.

Wurare huɗu na farko ban ba kowanne fiye da minti goma ba, shiru na ɗaga. A na biyar, wani hancin tudu mai ciyawa, igiya ta tashi daga ƙulli biyu zuwa huɗu, na ji tsakuwa. Na cire abin shawagin, na bar 'yar dalma ta kai gyare ƙasa, na ɗago shi kamar kamu biyu. Ko ƙirga goma ban yi ba sanda ta lanƙwashe. Wannan kifi yana juya faɗin jikinsa yana zagaye, sai ka rantse ya ninka girmansa. Na kama 14, na saki rabi. Ƙarfe tara da rabi suka ɗauke kamar an kashe fitila.

Babban cikinsu ya ɗan wuce tafin hannuna. Na aika wa maƙwabcina hotonsa ina taƙama, sai ya amsa min da cewa bulugil mafi girma a tarihi, wanda aka kama a tafkin Ketona na jihar Alabama a 1950, fam 4 da oza 12 ne, kuma har yau ba a karya wannan tarihin ba. Baba, idan sun ɗauke da hantsi haka, ƙara zurfi zan yi ko in koma inuwar Hajiya?

Tsohon Masunci:
Ƙara ƙulli ɗaya ka ba su minti goma. In shiru, tafi inuwa.