Idan sitiyari na rawa a babbar hanya

Shawarar da aka fi haɗuwa a kai ita ce a fara lura da lokacin da rawar ke zuwa. In ta taso tsakanin kilomita 80 zuwa 110 a awa, ta lafa da an rage gudu, galibi balansin tayoyin gaba ne ya ɓaci: ko 'yar dalmar da ake maƙalawa a wili ta faɗi, ko taɓo ya daskare a ciki. Kafin a kashe kuɗi, a duba iska da notuna, a shafa tayar a ji ko ta yi ƙulu. Sai a mayar da tayoyin gaba baya. In rawar ta bar hannu ta koma kujera, an gano mai laifin.

Wadda ke zuwa sai an taka birki kuwa, faifan birki ne ya ci ba daidai ba.

In duk ba su ba ne, a ɗaga motar da jak, a kama tayar hagu da dama a girgiza. Motsi na nuna galibi tayarod, sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafar mota, ya saki; in kuma an kama ta sama da ƙasa aka ji motsi, galibi boris ne, wanda ƙafar ke juyawa a kansa. Waɗannan biyun ba a jinkirta gyaransu. Alaimen, wato daidaita saitin ƙafafun mota, shi kaɗai da wuya ya kawar da rawa.