Dan Allah ina da tambaya: wanda ya samu ceto zai iya rasa shi?

'Yar Mabera:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Kristi, dan Allah ku taimaka min abin nan ya hana ni sukuni. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, an yi masa baftisma tun yana sakandare, shi ke kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa, har fita bishara yake yi da matasa. Yanzu ya daina zuwa sujada kwata-kwata, wai shi bai ƙara yarda da komai ba, in mama ta yi masa magana sai ya tashi ya bar mata gidan tana kuka. Wani fasto ya ce mu kwantar da hankali, wanda Yesu ya ceta ya cetu har abada. Wani mai wa'azi kuma da ya zo taron farkawa nan Sakkwato ya ce duk wanda ya ja da baya in ya mutu a haka to ya hallaka. Wanne za mu kama? Littafi Mai Tsarki ɗaya fa duk suke riƙe da shi.

Dattijon Ikilisiya:
'Yata sannu, Ubangiji ya ta'azantar da ke da mamanki. Ni a ikilisiyar ECWA na tashi, kuma abin da aka koya mana, na kuma bincika da kaina na gamsu, shi ne ceto ba aikinmu ba ne balle mu ce mu ke riƙe da shi. Afisawa 2:8-9 ta ce ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, kyauta ce ta Allah, ba don ayyuka ba kada wani ya yi fahariya. To abin da ba kyawun halina ne ya kawo shi ba, ta yaya raunina zai kwashe shi? Ki buɗe Yahaya 10:28-29, Yesu ya ce yana ba tumakinsa rai madawwami, ba za su hallaka ba, ba kuma mai ƙwace su daga hannunsa ko hannun Uba. Ki haɗa da ƙarshen Romawa 8 da Filibiyawa 1:6, wanda ya fara kyakkyawan aiki a cikinmu shi zai kammala shi.
Amma kada a ɗauki wannan a mai da shi lasisin yin abin da aka ga dama. Baftisma da kaɗa ganga ba su ne sabuwar haihuwa ba. 1 Yahaya 2:19 ta yi maganar waɗanda suka fita daga cikinmu don dama can ba namu ba ne. Saboda haka ko dai yayanki ɗa ne da ya yi nisa da gida kuma Uba zai hore shi ya komo da shi, ko kuwa bai taɓa sanin Ubangiji ba tukuna. Allah kaɗai ya san zuciyarsa.

Ɗan Tudun Wada:
Baba ina gaishe ka da girmamawa, amma ni dai wagga magana ban gamsu da ita duka ba. In ceto bai kuɓucewa, mi yas sa anka cika Sabon Alkawari da gargaɗi? Ibraniyawa 6:4-6 tana maganar mutanen da anka haskaka, sunka ɗanɗana baiwar sama, sunka samu rabo cikin Ruhu Mai Tsarki, sannan sunka fanɗare, ai wanda bai taɓa tuba ba ba a faɗin haka a kainai. 2 Bitrus 2:20-22 ta ce gara ma ba su san hanyar ba da su sani su juya baya. Ga Dimas, abokin aikin Bulus na ƙut da ƙut, 2 Timoti 4:10 ta ce ya yashe shi don ƙaunar duniyar nan. Gaskiya ne ba mai ƙwace mu daga hannun Yesu, amma ai Allah bai ɗaure kowa da igiya ba, mutum na iya cewa ba ni so da bakinai. Matiyu 24:13, wanda ya jure har ƙarshe shi zai tsira. Kuma abin da ke ba ni tsoro, in munka ce duk wanda ya faɗi dama can ba mai bi ba ne, to ni da ke tsaye yau ina tabbacina? Shi ma yayan nata jiya haka yake ji.

Maman Zumunta:
Ƙanwata, ni 'yar Katolika ce, a cocin Holy Family nake zuwa. Mu an koya mana alherin da mutum ya samu a baftisma yana iya yar da shi ta wurin babban zunubi, wato abu mai nauyi da ya aikata yana sane kuma da yardar ransa, 1 Yahaya 5:16-17 ma ta bambanta zunubin da ke kai ga mutuwa da wanda ba ya kaiwa. Amma ƙofa ba ta rufuwa muddin da rai, ya tuba ya je wurin fada ya furta zunubinsa a maido shi, kuma ba a sake masa baftisma. Ki faɗa wa mama ta rage yi masa wa'azi a kan abinci, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A bincika a hankali, sau da yawa wani ne a cikin coci ya ɓata masa rai ya haɗiye.

Ɗalibin Tauhidi:
Gardamar nan ta girme mu duka. Bayan rasuwar wani malamin tauhidi mai suna Arminius a 1609, mabiyansa a ƙasar Holan suka kawo ƙorafi a 1610 kan koyarwar mabiya wani malamin tauhidi Calvin, masu cewa wanda Allah ya zaɓa ba ya rasa ceto, aka yi babban taro a garin Dort daga 1618 zuwa 1619, taron ya tsaya a kan cewa zaɓaɓɓu na iya faɗuwa mummunan faɗuwa amma Allah ba zai bar su su hallaka ba. Daga baya John Wesley, wanda ɗarikar Methodist ta samo asali daga gare shi, ya koyar cewa mai bi na gaske na iya yin ridda, shi ya sa za ki ji Methodist da Assemblies of God suna magana irin ta Ɗan Tudun Wada. Ni na fi karkata wajen Baba, don Filibiyawa 2:12-13 ta ce mu yi aikin cetonmu da tsoro da rawar jiki, nan take kuma ta ce Allah ne ke aiki a cikinmu, wato gargaɗin ma yana cikin hanyoyin da yake tsare nasa. Amma ki lura, a kan yayanki duk bakinsu ɗaya: ba wanda zai ce masa zauna haka lafiya lau, ba kuma wanda ya isa ya ce tasa ta ƙare.

'Yar Mabera:
Na gode ƙwarai Baba, Mama da 'yan'uwa. Amma na je na karanta Ibraniyawa 6 ɗin sai jikina ya yi sanyi, ai cewa ta yi ba shi yiwuwa a sake jawo su ga tuba. Kenan ko ya so dawowa ba za a karɓe shi ba?

Dattijon Ikilisiya:
A'a 'yata, kada ki ɗora wa kanki wannan. Wasiƙar an rubuta ta ne ga masu bi da ke shan tsanani har suna tunanin watsar da Almasihu gaba ɗaya, kuma a aya ta 9 marubucin da kansa ya ce yana da tabbacin abu mafi kyau game da su. Wanda wurin ke nufi zuciyarsa ta ƙeƙashe, ba ya ma neman tuba. Bitrus ya yi musun Ubangiji sau uku har da rantsuwa, amma tun kafin haka Yesu ya ce masa na yi maka addu'a kada bangaskiyarka ta ƙare, Luka 22:32, ya kuma maido shi a Yahaya 21. Yahaya 6:37 ta ce wanda ya zo wurinsa ba zai kore shi ba ko kaɗan. Ki samo min wani cikin tsofaffin abokansa na ƙungiyar mawaƙa wanda yake jin maganarsa, mu je mu gaishe shi ranar Asabar, gaisuwa kawai, in ya so yin magana mu saurara.